Bonifas, Wanda Ya Sare Itacen Tsafi

Ya kai mai karatu, ka kasa kunne ga labarin wani bawan Allah, domin ka gwada zuciyarka, ka ga inda ka kafa dogararka.

An haifi Bonifas a Ingila wajen shekara ta 675, sunan da iyayensa suka raɗa masa Winfirid. Tun yana yaro ya shiga gidan masu ibada, ya yi karatu har ya zama malami sananne. A shekara ta 716 ya ƙetare teku zuwa Firisiya, wato arewacin ƙasar Holan ta yau, domin ya yi wa'azin Bishara. Ya iske ƙasar cikin yaƙi, ya komo gida aikinsa bai yi albarka ba. 'Yan'uwansa suka so su naɗa shi shugaban gidansu, amma ya ƙi, gama zuciyarsa tana wurin waɗanda ba su san Ubangiji ba.

Da ya sake fita sai ya nufi ƙasar Jamus, aka keɓe shi bishop a shekara ta 722. A can ya tarar da abin baƙin ciki: waɗansu sun karɓi baftisma, duk da haka suna miƙa hadaya a ɓoye ga itatuwa da idanun ruwa, suna zuwa wurin masu duba. A wani wuri da ake kira Gaismar akwai wani ƙaton itace wanda aka keɓe wa Donar, gunkin da suke ce shi ne mai tsawa. Wajen shekara ta 723 Bonifas ya ɗauki gatari a gaban taron jama'a, ya sa wa itacen. Mutane suka tsaya suna jiran aradu ta faɗa masa. Itacen ya faɗi, ba abin da ya same shi. Da katakon nan aka gina ɗakin sujada, mutane da yawa kuwa suka rabu da tsafi.

Sa'ad da ya tsufa, yana kusa da shekara 80, ya koma Firisiya inda ya kasa da fari. Ran 5 ga Yuni, 754, yana zango kusa da Dokum yana jiran sababbin masu bi, sai ga mahara da makamai. Samarinsa suka tashi za su yi faɗa, ya hana su, gama bai yarda a rama mugunta da mugunta ba. Aka kashe shi tare da abokan tafiyarsa wajen 50. Maharan suka fasa akwatunansa suna tsammanin zinariya, sai suka iske littattafai. An binne shi a Fulda.

Yanzu fa, ɗan'uwa, ka duba kanka. Wataƙila ba ka taɓa durƙusa wa itace ba. Amma sa'ad da ɗanka ya kwanta ciwo, wurin wa kake fara gudu? Kana raira waƙa a masujada ran Lahadi, da dare kuma ka lallaɓa gidan boka? Akwai laya ɓoye a ƙarƙashin rigarka? Ko kuwa rumbunka da kuɗinka da wani babban mutum su ne madogararka? Kowane abu da ka ba shi tsoro da begen da ya kamaci Allah kaɗai, shi ne gunkinka, ko da ba a sassaƙa shi ba.

Ba a ce ka ƙi magani ko ka bar noma ba, gama waɗannan baiwar Allah ne. Ka more su da godiya, amma dogararka ta kasance ga Mai bayarwa. Kada kuma ka ɗauki gatari ka nufi tsamiyar maƙwabcinka. Itacen da aka kira ka ka sare yana cikin zuciyarka. Ka roƙi Yesu Kristi ƙarfin hali, ka sare shi yau, kada ka bar kututture da zai sake toho.