Jean Stas: Masanin Da Ya Zaƙulo Guba Daga Jikin Mamaci

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a filinmu na tarihi na wannan mako mun kawo muku Jean Servais Stas, ɗan ƙasar Beljiyam. An haife shi a garin Leuven a shekarar 1813. Likitanci ya fara karanta, daga baya ya koma ilimin sinadarai, ya yi aiki a Paris tare da Dumas. A 1840 ya zama malami a makarantar soja ta Brussels.

A wancan zamani masana na iya gano guba irin ta arsenik a jikin gawa, amma gubar da ta fito daga tsirrai takan ɓace musu cikin nama da kitse. A watan Nuwamba na 1850, wani basarake mai suna Bocarmé ya kashe ɗan'uwan matarsa, Gustave Fougnies, saboda kwaɗayin gado. Ya ɗura masa nikotin da ya tace daga ganyen taba. Kotu ta miƙa wa Stas kayan cikin mamacin.

Stas ya jiƙa naman a alkohol da asid, gubar ta narke ta bar naman. Ya tace, ya ƙafar da ruwan, ya sake narkar da abin da ya rage. Sai ya zuba sinadari mai aiki irin na kanwa, ya girgiza haɗin da wani ruwa mai saurin tashi da ake kira eta. Kamar yadda man gyaɗa ke tasowa saman ruwa, haka eta ta taso, ta kwaso nikotin. Da ta bushe, sai ga ɗigon mai mai warin taba. Da wannan shaida aka yanke wa Bocarmé hukuncin kisa a 1851.

Daga baya wani Bajamushe mai suna Otto ya ƙara inganta hanyar, shi ya sa ake kiranta hanyar Stas da Otto. Stas ya rasu a 1891.

Har gobe, idan aka ɗebi jini ko fitsari don neman tramol ko kodin, sau da yawa akan raba ƙwayar da sauran abin da ke cikin samfurin. Mu 'yan ajin kimiyya a nan Shanga, darasin tacewa da ƙafarwa da muke yi, shi ne tushen wannan aiki.