Malcolm X: Ɗan ƙwayar da fursuna ɗan'uwansa ya farkar a gidan yari

A watan Fabrairun 1946 wata kotu a jihar Massachusetts ta Amurka ta yanke wa wani saurayi baƙar fata mai shekara 20 ɗaurin shekara takwas zuwa goma saboda fasa gidaje da sata. Sunansa Malcolm Little. An kama shi ne lokacin da ya koma karɓar wani agogon sata da ya kai gyara.

Ya shiga gidan yari da jarabar hodar iblis da tabar wiwi a jikinsa. Bayan shekara shida da rabi ya fito ko taba sigari ba ya sha, kuma bai koma ba har ranar da aka harbe shi. Duniya ta fi sanin Malcolm X da kaifin harshe da fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, amma yadda aka yi ya rabu da ƙwaya, da abin da ya yi wa wasu 'yan ƙwayar daga baya, shi ma babi ne mai zaman kansa.

An haife shi ranar 19 ga Mayun 1925 a garin Omaha da ke jihar Nebraska. Mahaifinsa, Earl Little, mai wa'azin Kirista ne kuma mabiyin Marcus Garvey. A 1931 aka tsinci mahaifin a kan layin dogon jirgin cikin gari a Lansing, jirgi ya taka shi. Hukuma ta ce hatsari ne, iyalin kuwa suka yi imanin Turawa masu ƙin jinin baƙar fata ne suka kashe shi. Malcolm yana da shekara shida.

Talauci da baƙin ciki suka taru a kan mahaifiyarsa Louise har aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, inda ta shafe fiye da shekara ashirin. Aka rarraba 'ya'yan a gidajen riƙo. Malcolm yaro ne mai ƙoƙari a aji, sai dai ranar da ya gaya wa wani malaminsa yana son zama lauya, malamin ya nuna masa wannan ba aikin baƙar fata ba ne, ya nemi kafinta. Daga nan karatu ya fita daga ransa.

A 1941 ya koma Boston wajen yayarsa Ella, wadda suke uba ɗaya. Daga gogar takalma a gidan rawa zuwa aiki a jirgin ƙasa, sai ga shi a unguwar Harlem ta birnin New York yana sayar da wiwi, yana caca, yana yawo da bindiga. A can ake kiransa Detroit Red saboda jan gashinsa. Masanin tarihi Manning Marable, a littafinsa na 2011, ya nuna Malcolm ya ɗan zuzuta girman ta'asar da ya yi a wancan zamanin. Shan ƙwayar dai da fashin gidajen babu mai musunsu.

Shaiɗan na Charlestown

Gidan yarin farko da aka kai shi, Charlestown, tsoho ne da aka gina tun 1805. Ɗakunan ƙanana, babu famfo, bokiti ne banɗaki. Rashin ƙwaya ya sa ya zama kamar mahaukaci. Yana zagin gandirobobi, yana zagin Allah da addini, har fursunoni suka laƙaba masa suna Shaiɗan.

Katangar ba ta raba shi da maye ba. A littafin tarihin rayuwarsa da ya yi tare da Alex Haley ya bayyana yadda yake sayen wani kayan ƙamshin girki daga fursunonin da ke aiki a kicin don ya bugu, da yadda wasu gandirobobin da kansu suke sayar wa fursunoni wiwi da ƙwayoyi. Duk wanda ya san gidan yari a ko'ina a duniya ba zai yi mamakin wannan ba.

Wanda ya fara juya shi fursuna ne kamarsa, John Elton Bembry, tsohon ɓarawo da ya daɗe yana shiga da fita a gidajen yari, ya kuma karantar da kansa a can. Tare suke aiki a shagon buga lambobin mota na gidan. Idan an gama aikin rana sai Bembry ya zauna yana bayani a kan tarihi ko addini ko asalin kalmomi, fursunoni su kewaye shi, har gandirobobi su matso su kasa kunne.

Abin da ya ɗaure wa Malcolm kai shi ne mutumin bai taɓa ɗaga murya ko hannu ba, amma kowa na girmama shi. A titunan Harlem bai san wata hanyar samun girma ba sai kuɗi ko bindiga. Wata rana Bembry ya gaya masa kai tsaye cewa yana da ƙwaƙwalwa, saura ya yi amfani da ita, ya kuma ba shi shawarar ya shiga ɗakin karatun gidan ya yi rajistar karatu ta wasiƙa. Malcolm ya fara da Turanci, daga baya ya ƙara da Latin.

Limaman coci da likitan ƙwaƙwalwa na gidan duk sun gwada yi masa magana, ya kore su da ashar. Maganar Bembry ta shige shi ne domin bakin da ya faɗe ta yana cin abinci iri ɗaya da shi, yana kwana a ɗaki iri ɗaya.

Waɗanda ke waje ba su sake shi ba

Ƙafa ta biyu 'yan'uwansa ne. Ella ba ta daina kai-komo a ofisoshin hukuma ba sai da aka mayar da shi gidan yarin Norfolk a 1948, bayan ya yi kimanin shekara guda a Concord.

Norfolk wani gwaji ne da aka soma ginawa a 1927 ƙarƙashin Howard Gill, wanda yake ganin ya kamata gidan yari ya yi kama da gari. Akwai katanga, amma a ciki fursunoni na zaune a gidaje kamar na makarantar kwana. Malamai na zuwa daga jami'o'in yankin suna koyarwa. Wani sanatan jihar, Lewis Parkhurst, ya ba da kyautar dubban littattafansa. Ana barin dangi su zo ziyara kusan kullum. Akwai kuma ƙungiyar muhawara ta fursunoni da ke karawa da ɗaliban manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale, sau da yawa kuma fursunonin ke yin nasara.

A nan ya kwafe ƙamus da hannunsa, shafi bayan shafi, don ya gyara rubutunsa ya kuma tara kalmomi. Idan an kashe fitila da ƙarfe goma na dare sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa yana karatu da hasken da ke shigowa daga baranda, in ya ji takun gandiroba ya faɗa gado kamar mai barci. Tabaron da aka san shi da shi a hotuna, ya ce wannan karatun daren ne ya jawo masa. A muhawarar Norfolk ya fara tsayuwa gaban jama'a ya yi magana. Shekara goma sha huɗu bayan barinsa can, a Disambar 1964, ya tsaya a zauren muhawara na jami'ar Oxford a Ingila.

Tun kafin ya bar Concord wasiƙun 'yan'uwansa suka fara zuwa da labarin wata ƙungiya da suka shiga, Nation of Islam. Wasiƙar yayansa Philbert ta sha baƙar amsa. Ƙanensa Reginald, wanda ya yi zaman Harlem da shi ya kuma san yadda kansa ke aiki, bai yi masa wa'azi ba. Ya dai ce ya daina cin naman alade da shan taba, zai nuna masa hanyar fita daga kurkuku. Malcolm ya ɗauka wata dabara ce ta yaudarar hukuma, sai ya bi. Da haka ya ajiye taba da sauran kayan maye, kafin ma ya san me ake kiransa gare shi.

A nan akwai buƙatar fayyace wani abu. Aƙidar ƙungiyar a ƙarƙashin Elijah Muhammad ta saɓa wa Musuluncin da aka sani: tana ɗaukar wanda ya kafa ta, Wallace Fard, a matsayin Allah cikin siffar mutum, Elijah kuma manzonsa, tana kuma kiran fararen fata shaiɗanu. Shi kansa Malcolm ya yi watsi da wannan daga baya. Amma ƙungiyar ta san fursuna. Elijah Muhammad ya yi zaman gidan yari daga 1942 zuwa 1946 saboda ƙin shiga soja, kuma yakan amsa wasiƙun fursunoni. Ya amsa ta Malcolm, har da ɗan kuɗi a ciki.

Da aka sake shi bisa sharaɗi a Agustan 1952, akwai inda zai sauka. Babban yayansa Wilfred ya ɗauke shi gidansa a yankin Detroit, ya samar masa aiki a kantin sayar da kujeru da gadaje. Ga gida, ga aiki, ga jama'ar da ke jiransa a wurin ibada. Ba kowane wanda ake saki ne ke samun waɗannan ukun ba.

Kamun kifi a Harlem

A 1954 aka naɗa shi shugaban masallaci na bakwai na ƙungiyar a Harlem, unguwar da hiroyin ta yi wa katutu a shekarun. Ya koma titunan da ya taɓa sayar da wiwi, yanzu yana neman mutane.

Tsarin da ƙungiyar ke bi da 'yan ƙwaya, kamar yadda ya bayyana shi, kacokan a kan tsofaffin 'yan ƙwaya ya dogara. Mugu shi ya san makwancin mugu. Wanda ya warke shi zai koma lungun da ya baro ya nemo abokan shansa na da, abin da suke kira kamun kifi. Ya san yarensu, ya san ƙaryar da suke yi, domin shi ma ya yi ta. Ba za a ce masa bai san zafin abin ba.

Aikin yakan ɗauki watanni, wani lokacin shekara. Sai an lallaɓa mutum ya yarda da bakinsa cewa ƙwaya ta mallake shi. Sannan a zauna da shi a kan dalilin da ya sa yake sha. Ana kawo shi cikin jama'a, ya ga waɗanda ya sani jiya a yashe a bakin titi yau sun sa kwat, suna da aiki da iyali, suna kiransa ɗan'uwa. Ba a tilasta masa ranar dainawa, shi zai ce ya shirya.

Idan ranar ta zo, sai a sa shi a ɗaki, 'yan'uwa su riƙa karɓa-karɓa a kansa dare da rana. Jiki na rawa, ga amai da gudawa da gumi, yana kuka yana roƙon a ba shi ko kaɗan ne, su kuma suna riƙe da shi suna goge masa jiki har abin ya lafa. Matakin ƙarshe shi ne shi ma ya fita ya kamo wani. A ganina nan ne hikimar tsarin take: mutumin da kowa ya gama yanke wa ƙauna an ba shi aikin da babu mai iya yi kamarsa.

Ba su kaɗai suka gano haka ba. Tun farkon shekarun 1940 shugaban gidan yarin San Quentin a California, Clinton Duffy, ya buɗe ƙofa ga ƙungiyar tsofaffin mashaya giya ta Alcoholics Anonymous ta riƙa zama da fursunoni.

Sai dai likitanci ya yi gaba tun daga lokacin. A 1964, a cikin birnin New York ɗin dai, likitoci Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara gwada maganin methadone a kan masu shan hiroyin. Yau an san yanke wasu kayan maye farat ɗaya, musamman giya da ƙwayoyin sa barci, na iya kisa idan babu likita. An kuma san wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ya daina jure adadin da ya saba. Wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan fursunoni sama da 30,000 da aka saki a jihar Washington ya gano cewa a makonni biyun farko, haɗarin mutuwarsu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Ɗan'uwa mai riƙe hannu yana da aikinsa, likita yana da nasa.

Akwai kuma rauni a cikin gidan kansa. Ƙungiyar da ke tsamo mutum ita ce ke korarsa idan ya saɓa doka, kuma korarre ba mai yi masa magana. Reginald, wanda wasiƙarsa ta raba Malcolm da taba, an kore shi tun Malcolm na tsare saboda zargin alaƙa da wata mata. Malcolm ya zaɓi ƙungiya ya juya wa ƙanensa baya. Reginald ya samu taɓin hankali, aka kai shi asibiti. Malcolm ya rayu har ya gano cewa shi kansa Elijah Muhammad ya haifi 'ya'ya da sakatarorinsa, laifin da ya fi wanda aka kori ƙanensa a kai.

A Maris ɗin 1964 ya bar ƙungiyar. A Afrilu ya tafi aikin Hajji, da kuɗin da Ella ta ba shi, ya dawo da sunan Alhaji Malik El-Shabazz da aƙidar Ahlus Sunna. A hanyarsa ta komawa ya biyo ta Najeriya, ya yi jawabi a jami'ar Ibadan, inda ɗalibai Musulmi suka ba shi sunan Yarabanci Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Daga nan ya wuce Ghana.

Ranar 14 ga Fabrairun 1965 aka jefa wa gidansa wuta. Mako guda bayan haka, ranar 21 ga wata, 'yan bindiga suka buɗe masa wuta yana shirin jawabi a zauren Audubon da ke New York, a gaban matarsa Betty, mai cikin tagwaye, da 'ya'yansu mata. Shekararsa 39. Wani malami ɗan Sudan, Sheikh Ahmed Hassoun, shi ya yi masa wanka ya sa masa likkafani.

An ɗaure mutum uku 'yan ƙungiyar Nation of Islam kan kisan. Ɗaya ya amsa laifinsa ya kuma dage cewa sauran biyun ba su da hannu. A Nuwamban 2021 kotu ta wanke su, bayan an gano hukumar FBI da 'yan sandan New York sun ɓoye shaidun da za su iya kuɓutar da su. Muhammad Aziz ya yi shekara 20 a gidan yari kafin a sake shi. Khalil Islam ya yi 22, kuma ya rasu tun 2009.