Maikel Farade: Ɗan Maƙerin Da Ya Yi Wa Lantarki Shinge

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Ibadan da suka fito daga kudancin Jihar Kaduna sun san Gidan Waya, garin nan na kusa da Kafanchan inda Kwalejin Horon Malamai take. Sunan garin na tuna mana zamanin wayar tangaraho. To, yau ga tarihin ɗaya daga cikin mutanen da suka share wa aikin lantarki hanya.

An haifi Maikel Farade ran 22 ga Satumba, 1791, a gefen birnin Landan, ƙasar Ingila. Ubansa maƙeri ne matalauci, saboda haka karatunsa bai yi nisa ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Shekara bakwai ya yi a nan, yana karanta da yawa daga cikin littattafan da ake kawowa. A 1812 ya saurari laccocin wani masani, Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi yaron aiki a ɗakin bincike.

A 1831 Farade ya gano cewa in aka motsa mayen ƙarfe cikin naɗin waya, lantarki na gudana. Wannan shi ne tushen janareta da taransifoma.

A 1836 ya gina wani ɗaki mai ƙafa 12 ta kowane gefe, ya lulluɓe shi da waya da fallen kuza. Ya sa aka sakar masa lantarki har yana tartsatsi, shi kuwa ya shiga ciki da na'urar awo. Na'urar ba ta nuna komai ba, watau lantarkin ya tsaya a bayan ƙarfen. Wannan ne ake kira kejin Farade.

Da wannan hikima ake kare ɗakunan hoton MRI na asibiti daga igiyoyin rediyo masu ɓata hoto. Gwajin ma irin nasa ne: a ajiye na'ura mai watsa igiya a waje, mai kamawa a ciki, a auna ƙarfin da ya ratsa. In an sami desibel 60, ƙarfin ya ragu sau 1,000. Galibi ta bakin ƙofa da ramin waya ake samun yoyo.

Farade bai damu da girma ba. Sau biyu ya ƙi shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Lokacin yaƙin Kirimiya kuma ya ƙi taimaka wa gwamnati haɗa makamin guba. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, bai bar ɗa ba, amma ma'aunin farad na ɗauke da sunansa.

Iyaye, yaron da ke tsaron rumfa a Agege ko Sabo, a bar masa lokacin littafi.