Muhammadu al-Katsinawi: Malamin Lissafin Hatimi

In ana zancen magabatan ilmin kwamfuta, akan ambaci Charles Babbage da Ada Lovelace na Ingila, waɗanda suka yi zamani a ƙarni na 19. Tun kafin su da kusan shekara ɗari, ƙasar Hausa ta yi wani malami wanda aikinsa ya danganci tushen wannan ilmi, watau tsara lissafi daki-daki. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi.

Shi dai wannan malami Bafillace ne mutumin Katsina. Cikin malaman da ya yi karatu wurinsu akwai Shehu Muhammadu Alwali na Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi da ilmin aufaƙi. Da ya ƙoshi da ilmi sai ya yi haramar gabas, ya sauke farali, sa'an nan ya zauna a Alƙahira ta ƙasar Masar.

A shekara ta 1145 ta Hijira, watau tsakanin 1732 da 1733, ya kammala littafinsa na Larabci mai suna Bahjatul Afaƙi, inda ya bayyana yadda ake cika hatimi. Hatimi zane ne mai gidaje, ana zuba lambobi ciki ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida 3 kowane gefe, akan zuba 1 zuwa 9, jimlar kowane layi 15. Mai gida 5 kuwa yakan ɗauki 1 zuwa 25, jimlarsa 65. Hikimar ita ce ba da lalube ake cika gidajen ba. Akwai ƙa'idar inda za a fara, da inda lamba ta gaba za ta sauka, da abin da za a yi in an tarar gidan a cike. Duk wanda ya bi matakan nan zai dace, ko da bai san dalilinsu ba. To, irin wannan jerin umurni shi ake ba kwamfuta ta yi aiki da shi.

Shehu Muhammadu ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ya rubuta labarinsa cikin tarihinsa na Masar.

Abin takaici, a ƙasarmu an fi sanin hatimi wajen laya da rubutun sha, lissafin da ke ƙunshe cikinsa kuwa an yi masa riƙon sakainar kashi. Ya kamata ɗaliban Hausa da na lissafi su haɗa kai su fassara ayyukan wannan malami, don yaran Katsina su san nasu. Allah ya jiƙansa, amin.