Fabio Taglioni: Injiniyan da ya ceci Ducati da silinda biyu

Babur ɗin da aka saba gani a Adjamé da Treichville mai silinda ɗaya ne, irin wanda masu kai saƙo da ƴan kasuwa ke kutsawa da shi cikin cunkoso. Amma jefi-jefi wani babba yakan ratsa gadar De Gaulle da ƙara mai kauri, kamar ana kaɗa ganga, wadda ta bambanta da kukan manyan baburan Japan masu silinda huɗu. Sau da yawa wannan ƙarar ta injin silinda biyu ce da aka haɗa da siffar harafin V. Cikin waɗanda suka samar wa irin wannan inji mutunci a fagen tsere, babu kamar wani ɗan Italiya mai suna Fabio Taglioni.

An haife shi ranar 10 ga Satumba 1920 a yankin Lugo, arewacin Italiya. Ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Bologna, ya kuma koyar a wata makarantar fasaha a garin Imola, inda yake zana ƙananan injuna a lokacin hutunsa. Daga nan ya yi aiki da kamfanin Mondial, wanda ya yi fice a tseren ƙananan babura.

A shekarar 1954 Giuseppe Montano, shugaban Ducati, ya ɗauke shi aiki. Kamfanin, wanda aka kafa a Bologna a 1926 don ƙera kayan rediyo, yana cikin matsin kuɗi, kuma yana bukatar babur ɗin da zai ci tsere domin mutane su yarda su saya. Cikin shekara guda Taglioni ya fito da Gran Sport mai cc 100, wanda aka yi wa laƙabi da Marianna, ya kuma yi ta lashe tseren dogon zango a kan titunan Italiya.

Abu na biyu da ya kawo shi ne tsarin da ake kira desmo. A injin da kowane bakanike ya sani, sifirin ne ke mayar da bawul ya rufe. Sifirin na wancan zamani yakan gaza idan inji ya yi gudu ƙwarai, bawul ya makara, fiston ya doke shi. Taglioni ya sa wani ɗan hannu na ƙarfe ya riƙa jawo bawul ɗin ya rufe a daidai lokacinsa. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, domin Mercedes ta yi amfani da ita a motocin tsere, amma shi ya sa ta yi aiki a ƙaramin injin babur. A 1956 Ducati mai cc 125 da wannan tsari ya ci tseren Hedemora a ƙasar Suwidin.

Babbar jarabawa ta zo a 1969, lokacin da Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu, ga ƙarfi, ga sauƙin kuɗi. Kamfanonin Ingila da suka daɗe suna riƙe da kasuwa suka fara durƙushewa. Ducati kuwa da ƙananan babura masu silinda ɗaya aka san ta, ba ta kuma da kuɗin da za ta yi gogayya da Japan a yawan silinda.

A 1970 Taglioni ya zana amsarsa. Ya ɗauki irin silindar da ma'aikatansa suka riga suka ƙware a kai, ya haɗa biyu a kan ƙarfen juyi ɗaya, da kusurwa mai digiri 90 a tsakaninsu. Ɗaya ta kwanta tana kallon tayar gaba, ɗaya tana tsaye, shi ya sa wasu ke cewa siffar ta fi kama da harafin L. A 1971 babur ɗin ya shiga kasuwa da sunan 750 GT.

Hikimar tana cikin kusurwar. A digiri 90, jijjigar da fiston ɗaya ke haifarwa takan haɗu da ta ɗayan ta yadda nauyin da ke jikin ƙarfen juyi zai iya kashe mafi yawanta, ba sai an ƙara wani ƙarfen daidaitawa ba. Injin siriri ne, faɗinsa bai wuce na mai silinda ɗaya da yawa ba, saboda haka mahayi na iya kwantar da babur sosai a kwana. Da yake silindar gaba a kwance take, ba ta tare wa ta baya iska, dukansu suna samun sanyi. Sannan manyan fiston biyu suna ba da ƙarfin ja tun inji bai yi nisa da juyi ba, wanda shi ake bukata wajen fita daga kwana, ko wajen tashi bayan tsayawa. Aibinsa shi ne tsawo: kwantacciyar silindar takan tura tayar gaba nesa, babur ya yi nauyin juyawa a matsattsen wuri.

Ranar 23 ga Afrilu 1972 aka yi tseren mil 200 a Imola, garin da ya taɓa koyarwa. Manyan kamfanonin Ingila da Japan sun halarta, ga kuma Giacomo Agostini a kan MV Agusta. Paul Smart ɗan Ingila, wanda ya cika shekara 29 a ranar, ya zo na ɗaya a kan Ducati, abokin aikinsa Bruno Spaggiari ya zo na biyu. Daga ranar duniya ta daina ɗaukar Ducati a matsayin mai ƙera ƙananan babura kawai. A 1978 Mike Hailwood, bayan shekara 11 rabonsa da tseren tsibirin Man, ya dawo ya ci nasara a kan wannan inji. A 1979 kuma Taglioni ya fito da Pantah mai cc 500, inda ya sa bel a madadin haƙoran ƙarfe masu tsadar ƙerawa, matakin da ya rage kuɗin aiki, ya kuma zama tushen injunan kamfanin na shekaru da dama.

Matasan injiniyoyin da suka biyo bayansa, musamman Massimo Bordi, sun ƙara wa injin bawul huɗu a kowace silinda da sanyaya shi da ruwa, duk da cewa dattijon bai gamsu da sauyin ba. Ya yi ritaya a 1989. Shekara guda bayan haka Bafaranshe Raymond Roche ya ci wa Ducati gasar duniya ta Superbike a kan silinda biyu. Taglioni ya rasu ranar 18 ga Yuli 2001, yana da shekara 80.

Lokaci ya nuna iyakar aikinsa. Babban fiston ba ya iya juyi da sauri kamar ƙarami, don haka a 2018 Ducati ta koma silinda huɗu a babban baburinta, Panigale V4. Amma ba ta yar da silinda biyu ba. A ƙarshen 2024 ta gabatar da sabon inji mai cc 890, nauyinsa bai kai kilo 55 ba. An cire masa desmo, an koma ga sifirin, domin ƙarfen yau ya fi na da inganci kuma gyaransa ya fi sauƙi. Kusurwar digiri 90 kuwa tana nan yadda ya zana ta.

Ga matashin da ke koyon kanikanci a garejin Adjamé, ko mai tara kuɗi don sayen babban babur na hannu, tarihin nan yana da amfani. Yawan silinda yana ƙara gudu a miƙaƙƙen fili, amma yana ƙara nauyi, faɗi da yawan kayan da za su lalace. Taglioni ya fara ne da duba abin da masana'antarsa ta iya da abin da aljihunta zai ɗauka, sannan ya yi zane. Shekara fiye da 50 ke nan, har yau ana ƙera babura a kan wannan lissafi a unguwar Borgo Panigale ta Bologna.