Jacques Joseph: Likitan da ya rasa aikinsa saboda kunnuwan wani yaro

A shekarar 1896 wata uwa ta kai ɗanta mai shekara 10 wurin wani matashin likita a birnin Balin na ƙasar Jamus. Lafiyar yaron lau, sai dai kunnuwansa fato-fato ne, sun buɗe daga jikin kai, har tsokanar 'yan'uwansa ɗalibai ta sa ya ƙi zuwa makaranta. Likitan shi ne Jacques Joseph.

An haifi Joseph a garin Königsberg a 1865, mahaifinsa malamin addinin Yahudu ne. Ya yi karatun likitanci a Balin, kuma daga 1892 yana aiki ƙarƙashin Farfesa Julius Wolff, ƙwararre a aikin ƙashi. A wancan zamani, yawancin likitoci na ganin bai dace a sa wa mai lafiya wuƙa don gyaran sura kawai ba. Joseph kuwa ya ɗauki baƙin cikin yaron a matsayin ciwon da ke buƙatar magani. Ya rage fata da guringuntsin kunnuwan, ya ɗinke su, suka kwanta kusa da kai. Likita Edward Ely ya riga shi yin irin wannan tiyata a New York a 1881.

Aikin ya yi kyau, Joseph ya gabatar da shi ga ƙungiyar likitocin Balin. Amma Wolff bai amince da shi ba, ya sallame shi, hanyarsa ta zama malamin jami'a ta toshe.

Joseph ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya na kansa. A 1898 ya fara tiyatar rage girman hanci, fannin da ya sa sunansa ya zaga duniya. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1916, aka ba shi shugabancin sashen gyaran fuska a asibitin Charité, inda ya gyara fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza. A 1931 ya kammala babban littafinsa kan tiyatar hanci da fuska.

Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, suka takura masa saboda Bayahude ne. Ya rasu a Balin ranar 12 ga Fabrairu, 1934, sakamakon bugun zuciya. A yau gyaran kunnen yara aiki ne da aka saba yi a asibitoci, kuma hujjarsa ita ce wadda Joseph ya rasa aiki a kanta.