Markiyon, Attajirin da Ikkilisiya Ta Mayar wa Kuɗinsa

An haifi Markiyon a wajen shekara ta 85 bayan haihuwar Almasihu, a Sinop, wani gari a bakin Bahar Aswad cikin ƙasar Fantas, wadda a yau take cikin Turkiyya. An ce mahaifinsa bishop ne, ashe a cikin ikkilisiya ya tashi. Da ya girma sai ya mallaki jiragen ruwa, ya yi dukiya.

A wajen shekara ta 140 ya koma Roma, ya shiga zumuntar masu bi, ya ba da baiko na sastarti 200,000. Sojan Roma a lokacin 1,200 yake karɓa a shekara, wato albashin fiye da shekara 160 ke nan mutum ɗaya ya ajiye. Ba mashayi ba ne, ba kuma mai neman mata ba. Mutum ne mai azumi da horon jiki, yana kuma ƙaunar wasiƙun Manzo Bulus ƙwarai. Da a cikinmu yake, 'yan'uwa, da tuni mun ba shi kujerar gaba.

Matsalar tana cikin koyarwarsa. Da ya karanta Tsohon Alkawari ya ga shari'a da hukunci, sai zuciyarsa ta ƙi. Maimakon ya durƙusa ya nemi fahimta, sai ya yanke cewa Mahaliccin da ya yi magana da Musa dabam yake da Uban Yesu. Alloli biyu ke nan. Ya ce Yesu bai ɗauki jiki na gaske ba, kamanni ne kawai. To, in babu jiki, wane jini aka zubar dominmu a kan gicciye?

Da ya ga Nassi bai goyi bayansa ba, sai ya datse Nassin. Ya watsar da Tsohon Alkawari dungum. A cikin bisharu huɗu ya riƙe ta Luka kaɗai, ita ma ya cire labarin haihuwar Yesu. Wasiƙun Bulus goma ya karɓa, bayan ya share abin da bai yi masa ba. Ya kuma hana mabiyansa aure.

A shekara ta 144 dattawan ikkilisiyar Roma suka saurare shi, suka auna maganarsa da abin da suka karɓa daga manzanni, suka fitar da shi daga zumunta. Kuɗinsa ma suka mayar masa, ba su riƙe ko anini ba.

Markiyon bai tuba ba. Ya kafa nasa ikkilisiyoyin da bishop-bishop ɗinsu, jama'a kuwa suka bi shi da yawa, har waɗansu suka mutu a hannun masu tsananta wa Kirista. Ya mutu a wajen shekara ta 160, amma sai da Tatuliyan na Kartaj ya rubuta littattafai biyar a kansa bayan kusan shekara hamsin, domin koyarwar tana ta yaɗuwa. A ƙarni na biyar ma akwai ƙauyuka a Suriya da suke binta.